Kowane Kaya Da Hanyar Da Ta Dace Da Shi

Abu biyu ne ke karya mai masana'anta: ko dai kaya su yi masa kwantai a sito, ko kuwa mai saye ya zo da kuɗi a hannu a ce masa kaya sun ƙare. Maganin duka biyun yana ga yadda aka shirya tafiyar kaya, tun daga sayen ɗanyun kaya har zuwa kanti.

Cikin 1997 wani shaihun malami na Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Marshall Fisher, ya raba kayan masana'antu gida biyu. Akwai kayan masarufi, waɗanda cinikinsu bai cika sauyawa ba, ribarsu kuma kaɗan ce. Akwai kuma kayan yayi, masu riba mai tsoka, amma ba wanda ya san wanda kasuwa za ta karɓa. Na farko suna bukatar hanya mai araha, na biyu kuwa hanya mai sauri.

Kamfanin Campbell na Amurka, mai yin miyar gwangwani, yana cikin kashi na farko. A 1991 ya shirya da manyan kantuna su riƙa sanar da shi kowace safiya, ta kwamfuta, abin da ya fita daga sitonsu, shi kuma ya cike gurbin. Da haka kayan da suke tarawa suka ragu daga na kamar mako 4 zuwa na mako 2.

Kamfanin Benetton kuwa, wanda 'yan'uwa huɗu suka kafa kusa da Treviso ta ƙasar Italiya a 1965, damuwarsa dabam ce. Rigunan sanyi na ulu yake saƙawa, kuma launi shi ne ke sayar da su. Bisa al'ada akan rina zare tukuna sa'an nan a saƙa, watau tilas a yi kirdadon launin da za a so tun da sauran watanni. A shekarun 1970 sai kamfanin ya juya aikin: ya saƙa wani kashi na rigunan ba rini, ya dakata har kantuna su ba da labarin launin da ke tashe, kana ya rina. Kuɗin aiki ya ɗan ƙaru, amma asarar kwantai ta ragu.

Da Campbell zai bi tsarin Benetton, da ya kashe kuɗi a banza. Da kuma Benetton zai tara riguna rinannu don neman sauƙin kuɗin aiki, da yayi ya wuce ya bar shi da su.

Haka abin yake a Nijeriya. Mai yin siminti ko sukari, araha da samuwar kaya kullum ake bukata daga gare shi. Mai buga atamfa kuwa, in zanen da mata ke so bai iso kasuwa kafin Salla ba, sai dai ya karya farashi. Masu iya magana sun ce, kowane allazi da nasa amanu.