Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Abubuwan Mamaki daga Dajin Birnin Gwari

Mutumin ƙauyen Kusasu ba sai an karanta masa daji ba. Daga nesa yake bambance doka da maje. To amma ido na da iyakarsa. Masana halittu sun bi ta ƙashi da jini da dutse, suka tarar da dangantaka da shekarun da ido ba ya gani. Ga kaɗan daga ciki.

Dokar da ta shiga Latin. Tun 1753 Carl Linnaeus, ɗan ƙasar Suwidin, ya daidaita tsarin bai wa kowane tsiro suna biyu, na dangi da na kai. Itacen da ya cika dajin Kamuku, wanda aka keɓe a 1936 ya kuma zama gandun daji na ƙasa a 1999, sunansa a littattafan kimiyya Isoberlinia doka. Rabin sunan Hausa ce tsantsa. Masanin da ke Japan ma sai ya furta "doka".

Sunayen aro. Ɗorawa ba ta yi wannan sa'a ba. An kira ta Parkia don tunawa da Mungo Park, Baturen da ya halaka a kogin Kwara wajen Busa a 1806. Tsamiya kuwa an laƙaba mata "indica", wato ta Indiya, alhali asalinta Afirka. Larabawa ne suka fara ce mata dabinon Hindu, kuskuren ya bi ta har yau.

Dangin giwa. A tambayi yaro wane ne ɗan'uwan giwa, zai ce dorina ko karkanda. Ko kusa. Mafi kusanci da ita a cikin masu rai su ne ayu da ke ruwa da rema mai ɓuya a tsagar dutse, wanda bai fi zomo girma da yawa ba. Haƙoransa biyu na sama ba sa daina tsiro, tamkar haure. Ita kuma dorina, danginta na kusa su ne manyan dabbobin teku da ake kira kifi whale, waɗanda su ma ba kifi ba ne, shayarwa suke yi.

Sauran rikicin dangi. Gara ba 'yar'uwar tururuwa ba ce, reshe ce ta kyankyaso. Kada ya fi kusa da zabo a kan damo. Jemage da tatsuniya ta rasa inda za ta ajiye shi, kimiyya ta raba gardama: dabba ce mai ba da nono. Naman kaza kuwa ya fi kusa da dabbobi a kan tsirrai. Wanda ya raɗa masa suna da Hausa, ashe bai yi nisa da gaskiya ba.

Me ya sa masu haƙar zinare ba sa cin karo da ƙashin dodo? An daɗe ana haƙar zinare a ƙasar Birnin Gwari, amma ba a tono ƙasusuwan dabbobin da suka zama dutse. Dalili shi ne duwatsun nan sun tsufa da yawa. Zafi da matsi sun gasa su, sun murɗe su, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, tun kafin a sami dabba mai ƙashi. Burbushin halitta sai a dutsen da ya samu daga laka da yashin da suka kwanta sannu a hankali.

Sakkwato ƙarƙashin teku. Irin wannan dutse yana yankin Sakkwato. Sama da shekara miliyan 66 baya, teku marar zurfi ta ratsa Sahara ta rufe wurin. An tono wani ƙaton mai jan ciki na ruwa aka sa masa Goronyosaurus, daga sunan Goronyo, da wani dangin kada mai suna Sokotosuchus. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi, a gindin teku ya taru. Mai gini da shi yana shafe bangonsa ne da ragowar halittun ruwa.

Sarkin kadoji. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an haƙo Sarcosuchus, wanda ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka shige. Tsawonsa ya haura mita 9, kansa kaɗai ya kusa tsayin baligi. Maƙwabcinsa Nigersaurus, mai cin ciyawa, haƙoransa sun kai 500, kowanne kuma yana sauyawa cikin mako biyu. Ba ruwansa da ciwon haƙori.

Tulu mai yoyo. Yaya ake sanin shekarun? Duk mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadari, kabon 14. Ran da ya mutu ya daina samun sabo, wanda ke jikinsa ya shiga raguwa: rabi kan tafi duk shekara 5,730. Kamar tulu ne mai yoyon da aka san saurinsa. Duba ruwan da ya rage, ka san lokacin da aka cika shi. Da haka aka gane kwalekwalen Dufuna, da wani Bafulatani ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a Yobe a 1987, ya kai shekara 8,000. Da gawayin da aka samu tare da gumakan yumɓu na Nok, nan kudancin Kaduna, aka san sun haura shekara 2,000. Amma bayan shekara 50,000 tulun ya ƙafe. Don kadan Gadufawa sai agogo mai nawa, irin yuraniyom, wanda rabinsa kan ɗauki shekara biliyan 4.5, ana auna duwatsun da suka dace da shimfiɗar da ƙashin yake.

Sikila da sauro. Charles Darwin ya bayyana a 1859 cewa halin da ke taimakon mai shi ya rayu ya haihu, shi ke yaɗuwa. Shaidar tana cikin jininmu. Mai jinin AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954. Shi ya sa kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya ke ɗauke da shi. Kariyar na da tsada: AS ya auri AS, kowane ciki na da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Gwajin jini kafin a sa rana ba ƙaƙale ba ne.

Cuta ma tana sauya salo. Kulorokwin ya daina aiki ne saboda ya kashe ƙwayoyin cuta masu rauni, masu taurin kai suka gaje fili. Ba cuta kaɗai ba: a dajin Gorongosa na Mozambik, maharba sun yi ta kashe giwaye masu haure lokacin yaƙin 1977 zuwa 1992. Kafin yaƙin, ƙasa da ɗaya cikin biyar na matan giwa ne marasa haure. Bayansa sun kai rabi.

Irin bana, amfanin baɗi. Masarar da ake lodawa daga kasuwannin Birnin Gwari ta faro ne daga wata ciyawa a Meksiko, mai 'yan ƙwayoyi kaɗan masu tauri, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Manoma ne suka yi ta ware mai kyau suna shukawa har ta koma abin da muka sani. Darwin da kansa, da manoma da masu kiwon tattabaru ya buɗe bayaninsa. Saboda haka dattijon Kusasu da ke zaɓar masara mafi cika ya rataye saman murhu don iri, ba sabon karatu za a kawo masa ba. Suna kawai za a gaya masa na aikin da ya gada.