BAYANI A KAN FIƊAR GYARAN CIKI

Akwai wani aikin fiɗa da likitoci ke yi domin ciki ya shafe, ya ɗame. Ya kamata Hakimai da malamansu su san yadda yake, don su iya ba jama'a shawara ta gari.

Idan mace ta yi haihuwa da yawa, ko mutum ya rame bayan ƙiba mai tsanani, fatar ciki takan saki ta zubo bisa mara. Tsokoki biyu da suka miƙe daga ƙirji zuwa mara kuwa sukan ware. Wannan shi ne abin da ake gyarawa. Wani likita, Howard Kelly, ya yi irin aikin a Baltimo ta Amurka cikin 1899, kuma Ivo Pitanguy na Birazil ya kyautata shi cikin 1967.

Da farko akan sa mutum barci. Likita ya tsaga fata daga wannan ƙugu zuwa wancan, ya ɗaga ta, ya ɗinke tsokokin su haɗu. Sa'an nan ya yanke rarar fata da kitse, ya huda wa cibiya sabon wuri, ya rufe. Aikin yakan ci awa 2 zuwa 5. Bayansa akan ɗaure ciki da ɗamara, a hana ɗaukar kaya mai nauyi kamar mako 6. Tabon kuwa ba ya ɓacewa.

Aikin yana da hatsari. Ruwa yakan taru ƙarƙashin fata, miki yakan yi mugunya, jini kuma yana iya daskarewa a ƙafa, gudansa ya tafi huhu ya kashe mutum. Hatsarin ya fi yawa ga mai shan taba da mai ciwon sukari. Cikin Oktoba 2005 Stella Obasanjo, uwargidan Shugaban Nijeriya na lokacin, ta rasu a Marbella ta ƙasar Sifen bayan an yi mata aikin zuƙe kitsen ciki. A 2009 kotu ta yanke wa likitan ɗaurin shekara 1 saboda sakaci.

Saboda haka a jawo hankalin jama'a ga abu uku. Na fari, wannan fiɗa ba maganin ƙiba ba ce, kuma macen da ke sa ran sake haihuwa gara ta dakata, gama sabon ciki zai warware aikin. Na biyu, ba kowane babban ciki ne teɓa ba: kaba, ko ƙari, ko ruwan ciwon hanta duk sukan kumbura shi, sai an gwada a asibiti. Na uku, kada kowa ya miƙa jikinsa sai ga likitan fiɗa mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, a asibitin da ke da jini da kayan ceto.

Ana roƙon Hakimai su isar da wannan bayani ga Dagatai da Masu Unguwa.