Faɗuwar da Ba Ta Isa Ƙasa

Duk wanda ya hau lilo a gindin bishiya a Gaya ko Ajingi ya san lokacin da igiya ta ƙure tashinta: jiki ya yi sakayau, hanji kamar zai taso ƙirji. Ɗanɗano ne na halin da 'yan sama jannati ke kwana su tashi a ciki wata da watanni.

Sau da yawa akan ce wa ɗalibai wai babu jan ƙasa a sararin samaniya, shi ya sa mutum ke shawagi. Kuskure ne, kuma yana ci mini rai, don yana rufe musu ilimi mai daɗi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana nisan kilomita 400 ne kacal daga doron ƙasa, kuma jan ƙasa a can ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda ke nan. Faɗowa take yi ba dare ba rana. Sai dai tana keta sama da gudun kilomita 28,000 a awa, ga duniya kuma a dunƙule take, saboda haka kafin ta iso, ƙasar ta lanƙwashe ta kauce mata. Cikin minti 90 ta zagayo.

Ashe nauyin da muke ji tokarar da ƙasa ke yi wa tafin ƙafa ce. Idan mutum da abin da ya taka suna faɗowa tare, tokara ta ƙare. Wannan tunani ne ya faɗo wa masanin kimiyya Einstein a 1907: wanda ya subuto daga kan soro ba ya jin nauyinsa. Malamin kimiyya a Ajingi zai iya nuna shi da gwangwanin madara. A huda gindinsa, a cika shi da ruwa, ruwa na tsiyaya. A sake shi daga sama, tsiyayar za ta tsaya cak har ya dira.

Jiki kuwa yana ji a jikinsa. Ruwan jiki na taruwa a kai, fuska ta kumbura, ma'aunin daidaito na cikin kunne ya rikice har amai ya taso. Ƙashin da ba ya ɗaukar kaya yana zaizayewa da kusan kashi 1 cikin 100 duk wata, shi ya sa mazauna tashar ke motsa jiki kimanin awa 2 kullum. Valeri Polyakov na Rasha ya jure haka kwana 437 a jere a tashar Mir, daga 1994 zuwa 1995.