Walda Da Iskar Gas Ko Babu Gas: Zaɓin Da Ke Gaban Masu Gyaran Jikin Mota

Tun bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a shekarar 2023, sayen wata mota ya gagari mutane da dama a Nijeriya, don haka masu motocin haya da na dakon kaya suka koma ga lallaɓa waɗanda ke hannunsu. Wasu ma sun gwammace su sayi na'urar walda su ajiye a gida ko a garejinsu. Sai dai mai neman ƙaramar na'ura mai tura waya da kanta zai tarar da iri biyu a kasuwa, wato mai aiki da tukunyar gas da wadda ba ta buƙatarta.

Tushen bambancin shi ne, narkakken ƙarfe ba ya shiri da iska. Idan ta shige shi kafin ya daskare, sai ɗinkin ya yi ƙananan ramuka, ya rasa ƙwari. Na'ura mai gas, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1948, tana fesa iskar argon, ko kabon-dayoksaid, ko haɗin biyun, domin ta lulluɓe wurin. Ita kuwa ɗayar, da kamfanin Lincoln Electric ya fitar a 1959, wayarta ce ke ɗauke da wani gari a cikinta, wanda idan ya ƙone yake ba da wannan kariya.

A ranar ciniki, marar gas ce ke jan hankali. Babu kuɗin tukunya, babu na ma'aunin sakin gas, babu zirga-zirgar zuwa ɗuri, abin da ba ƙaramar wahala ba ce ga wanda ke nesa da manyan birane irin su Legas da Fatakwal. Haka kuma ba ruwanta da iska, alhali kuwa kaɗawar da ta wuce kilomita 8 a awa kan kwashe gas daga bakin walda. Ga wanda ke aiki a fili lokacin hunturu, wannan babbar magana ce.

Amma fa jikin mota ba ƙofar gida ba ne. Kaurin ƙarfen ƙofa ko murfin inji na ƙananan motoci bai cika wuce milimita 1 ba, wani ma 0.7 ne. Wayar marar gas, wadda galibi kaurinta 0.8 ne ko 0.9, tana aiki da zafi mai yawa, saboda haka takan huda irin wannan ƙarfe ko ta lanƙwasa shi. Mai gas kuwa tana karɓar waya siririya ta 0.6, ana ɗiga ta kaɗan-kaɗan ana barin wurin ya huce. Bugu da ƙari, marar gas na barin kashin maƙera a kan ɗinki, kuma dole a kankare shi tas kafin kowane sabon ɗigo. Duk wanda ya maƙale a ƙarƙashin fenti, nan tsatsa za ta fara, musamman a garuruwan bakin teku inda gishiri ke cikin iska. Motar da aka yi wa fenti ta dawo da kumburi bayan damina ɗaya, an biya kuɗin aiki sau biyu ke nan, ban da kwanakin da ta yi ba ta kan hanya.

Wayar marar gas ta fi tsada a kowane kilo, kuma wani kaso nata yana tafiya a hayaƙi da tartsatsi, ga kuɗin dutsen gurza. Wanda ke aiki kullum zai ga ribar tukunyar da ya ƙi saya ta zurare ta nan.

Ke nan, mai gyaran bodin tirela, ko ƙarafunan bayan a-kori-kura masu kauri, marar gas za ta ishe shi. Wanda aikinsa facin ƙofofi da ƙasan ƙananan motoci ne, ya daure ya sayi mai gas, ya kuma kafa abin tare iska.

Akwai na'urorin da ke yin aikin biyu, kuma su suka fi dacewa da mai ƙaramin jari, domin zai iya ƙara tukunya daga baya. Sai dai mai saye ya tabbatar ana iya sauya wayoyin wutarta, domin marar gas na son bakin walda a ɓangaren mai alamar ragi, mai gas kuwa a ɓangaren mai alamar tarawa. Ko wacce aka zaɓa, a cire batir kafin a soma aiki, a kuma nisanci tanki da bututun mai.