Cike fom a intanet: Me ya sa lambar wayarka ke fitowa a adireshin shafi?

A Dogon Dutsi da Tibiri da ke jihar Dosso, cike fom ta intanet ya zama ruwan dare, daga ɗalibi mai neman gurbin karatu har zuwa ɗan ci-rani da ke cike wa ƙaninsa takarda daga nesa. Da yawa kuma a wayar aro ko kwamfutar shago suke wannan aiki. Sai dai ba kowa ya san inda bayanansa ke bi ba da zarar ya danna maɓallin aikawa.

Mai gina shafi yana da zaɓi biyu: GET ko POST. Idan ya zaɓi GET, duk abin da ka rubuta, suna ne ko lambar waya, zai manne a adireshin shafin bayan alamar tambaya. Adireshin nan yana zama a tarihin manhajar bincike, don haka wanda ya hau kwamfutar bayanka zai iya karanta shi. Idan ka tura wa wani ta WhatsApp, ka tura har da bayananka.

Ita kuwa POST tana sanya bayanan ne a cikin saƙon da ke tafiya, ba sa fitowa a adireshi. Shi ya sa masana ke cewa a bar GET ga bincike, a yi amfani da POST wajen rijista, kalmar sirri da biyan kuɗi. Abin lura, idan mai gina shafi bai faɗi hanyar da yake so ba, fom ɗin GET zai ɗauka kai tsaye.

Amma POST kaɗai ba ta ɓoye sirri a kan hanya. Wannan aikin https ne, haruffan da ke farkon adireshi.

Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan sirrin jama'a, don haka nauyi na kan masu shafuka. Kai kuma mai cikewa, duba adireshi bayan ka aika. In ka ga lambarka a can, goge tarihin kafin ka tashi, kada kuma ka tura wa kowa wannan adireshi.