Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sauya ƙafar tsohuwar mota domin tsere

Samarin Gaya da Ajingi da ke sha'awar wasan mota na kallon bidiyon tsofaffin BMW da ake juyi da su a Abuja da Kano, su ga mota ta kwanta ƙasa-ƙasa tana shan kwana ba tangal-tangal. Daga nan sai wani ya nufi gareji da tsohuwar Golf ko Fijo, ya ce wa bakanike a rage mata tsayi, a ƙara mata tauri. Ƙafar da ta dace da filin tsere daban take da wadda hanyoyinmu ke buƙata, kuma rashin sanin wannan bambanci yana cin kuɗi, wani lokaci har da rai.

Mene ne aikin ƙafar mota?

Aikinta shi ne riƙe tayoyi huɗu manne da ƙasa. Tayar da ta tashi sama ba ta jin sitiyari, ba ta jin birki. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota. Shokabzoba kuwa aikinta kashe rawar sifirin: a cikinta akwai mai da ake matsawa ta ƙananan ƙofofi, wannan matsi ke hana mota ci gaba da lilo bayan ta faɗa rami. Sai istabilaiza, sandar da ta haɗa tayar dama da ta hagu, mai rage karkatar mota a kwana. Bushin da boljoin da tayarod su ne mahaɗan da ke tsayar da kowace taya inda aka ajiye ta. In ɗaya ya saki, sauran ba sa iya rufa masa asiri.

Gyara ke gaba da ƙari

Motar da ta haura shekara 30 robobinta sun bushe sun tsattsage, mahaɗanta sun yi lako-lako, shokabzoba ta zubar da mai. Ɗora mata sifirin mai tauri a haka yana tura duk bugun hanya kan waɗannan sassa da suka gaji. Don haka a fara ɗaga motar a duba tsatsa da tsagewa a wuraren da ƙafa ke kama jiki, musamman saman shokabzobar gaba. A sauya bushin da boljoin da tayarod, sannan a sauya shokabzoba biyu-biyu, dama da hagu tare. Sau da yawa wannan kaɗai kan dawo wa mota kamun hanyar da mai ita ya zaci sai kayan tsere ke bayarwa.

Me filin tsere mai kwalta ke so?

A shimfiɗaɗɗiyar kwalta marar rami, irin filin tseren da ke Evbuobanosa a Jihar Edo, ana rage tsayin mota kaɗan don nauyinta ya matso ƙasa, a sa sifirin mai tauri da shokabzobar da aka yi domin wannan taurin. In sifirin ya fi ƙarfin shokabzoba, mota sai ta riƙa tsalle. Ana kuma karkatar da saman tayoyin gaba ciki da kamar digiri 2 zuwa 3, don fuskar taya ta zauna sosai a cikin kwana. A hanyar yau da kullum kuwa wannan karkata cinye gefen taya na ciki take yi.

Daidaito tsakanin gaba da baya shi ne abin lura. In aka taurara gaba fiye da kima, ka juya sitiyari mota ta ƙi shiga kwana, ta zarce. In baya aka taurara, gindin motar ke zamewa ya juyo. Masu wasan juyi da BMW E30 da E36, waɗanda tayoyin baya ke tura su, wannan zamewar suke nema da gangan. Direban da bai saba ba, ita ke kifar da shi.

Hanyoyinmu fa?

Da zarar ka sauka daga titin da ya taso daga Wudil ya ratsa Gaya, ka shiga hanyoyin ƙauyukan Ajingi, burji ne da rairayi da gargada, ga zaizayar damina. A nan motar da aka rage wa tsayi tana bugun ƙasa da tukunyar baƙin mai, mai taurin sifirin kuma tayoyinta na tsalle daga tudu zuwa tudu. Abin da irin wannan hanya ke so shi ne tsayi, da sifirin mai sassauci mai nisan tafiya, da shokabzoba mai iskar gas wadda manta ba ya saurin kumfa in ya yi zafi, da faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji.

Tarihin Fijo 504 ya tabbatar da haka. Motar ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya yi shekaru yana harhaɗa ta a Kaduna. A 1975 ta lashe tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, ta lashe na Maroko a hannun Hannu Mikkola. Ƙarfin jiki da ƙafa mai haɗiye ramuka ne suka kai ta ga nasara, irin abin da ya sa direbobin kasuwar Wudil suka daɗe suna riƙe da ita. Duk mai son tsere a ƙasa irin tamu, wannan tsarin ya kamata ya bi.

Dabarun da ke kashe mutane

Yanke sifirin ko gasa shi da wutar walda don a rage tsayi yana lalata ƙarfen, yana iya karyewa ko ya fice daga mazauninsa mota na cikin gudu. Cusa roba ko katako tsakanin zagayen sifirin yana hana shi motsi. Ƙara wa akori-kura ganyen sifirin yana sa ta ɗauki ƙarin buhuna, amma birki da gatari da tayoyi suna nan da ƙarfinsu na da. Kayan Beljiyam na kasuwar Ƙofar Ruwa kuwa, a duba su da kyau: shokabzobar da ke da jiƙar mai a jiki, ko wadda ka danna ta shige ba turjiya, ta gama aiki.

Taya, birki da saiti

Duk wanda ya taɓa ƙafa, wajibi ne ya kai mota a yi mata alaimen, wato saitin tayoyi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya ko zanenta na nan robar ta bushe, zafin bazara kuma fasa ta yake. Man birki yana shan danshi a hankali, ya tafasa in an yi ta taka birki, sai ka taka ka ji fanko. A zubar da tsoho a zuba sabo na DOT 4 kafin kowane wasa.

A ina za a gwada?

A fili killatacce, da izinin hukuma, da hular kwano, da bel, da 'yan kallo nesa bayan shinge. Titin Gaya na 'yan makaranta ne da masu babur da masu amalanke, ayarin kai amarya kuma ba wurin gwajin mota ba ne. Saurayin da ke da wannan sha'awa ya cancanci a koya masa aikin daga tushe, iyaye da shugabannin gareji da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi kuma su taimaka a samar masa da filin da zai gwada ba tare da jefa ran kowa cikin haɗari ba.