Kada Ka Zauna Kai Kaɗai a Birni

Idan ka tafi cin rani Maraɗi ko Yamai, nemi ikilisiya a unguwarku, ko da sabuwa ce mai taruwa a rumfa. Bayan sujada ka tsaya ku gaisa, ka nuna wa fasto masaukinka.

Wannan ya shafi lafiyarka. Maganin tarin tibi wata 6 ake shansa. Wanda ya bari don tari ya lafa, ciwon yakan dawo masa da ƙarfi. Ɗan'uwan da ya san ɗakinka shi zai tuna maka, ya raka ka asibiti.

Kai kuma da ka riga baƙo zuwa, leƙa shi cikin mako. Zumunta a ƙafa take.